Agogo Sarkin Aiki: Wane Aiki Ya Rage Masa Bayan Zuwan Waya?

Idan maganar sanin lokaci daidai ce kawai, waya ta riga ta yi wa agogon hannu fintinkau. Wayar da ke aljihunka tana karɓar lokaci ne daga kamfanin sadarwa ko ta intanet, tana gyara kanta ba tare da ka taɓa ta ba, in ka sauka Jidda ta ƙara awa biyu da kanta, in ka dawo ta rage. Agogon batir mai kyau kuwa yakan kauce da kimanin sakan 15 a wata, na inji, wanda ba ya cin batir, ya fi haka nesa ba kusa ba. Saboda haka duk wanda zai kare agogon hannu da hujjar cewa ya fi waya faɗin gaskiyar lokaci, ya ɗauko hujja mai rauni.

Aikin da ya rage wa agogo daban ne, kuma ba ƙarami ba ne. Shi ne ya nuna maka lokaci a ƙiftawar ido, alhali hannuwanka biyu suna kan wani aiki, ba tare da ka nemi wuta ka yi caji ba, a wurin da fito da waya haɗari ne ko rashin ladabi. Wanda yininsa ke cike da irin waɗannan lokutan, agogo kayan aiki ne a wurinsa. Wanda ba haka yininsa yake ba, agogo ado ne, ba kuma laifi ba ne mutum ya yi ado, sai dai ya san abin da yake saye.

A duba ma'aikacin lafiya a karkara. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya wajen gano ciwon nimoniya a jikin yaro ta dogara ne ga ƙirga numfashi na minti guda cur: numfashi 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ko fiye daga wata biyu zuwa shekara guda, 40 ko fiye daga shekara guda zuwa biyar. Ido yana kan ƙirjin yaro, hannu ɗaya yana ɗage masa riga, uwa tana rarrashi. A nan tsinken sakan da ke zagaye a gaban ido ya fi wayar da fuskarta za ta mutu bayan sakan 30. Haka ake ƙirga bugun jijiya na sakan 30 a ninka biyu, haka ake daidaita ƙarin ruwa: leda mai mililita 500 da ake son ta ƙare a awa huɗu, da robar da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita, tana bukatar ɗigo kusan 42 a minti, wato kusan 10 a kowane sakan 15. Sai dai a ɗakin jinya agogon da ke wuyan hannu yana hana wanke hannu ya kai inda ya kamata, yana tara ƙwayoyin cuta a ƙarƙashinsa, shi ya sa asibitocin Ingila suka hana ma'aikata ɗaura shi yayin aiki da majinyata, nas-nas suke maƙala ɗan agogo a ƙirjin riga da fuskarsa a juye.

Sai mai tuƙa babur ko adaidaita-sahu, da malamin da ke raba darasi minti arba'in-arba'in, da alƙalin wasa, da mai gasa burodi da hannunsa ke cikin ƙullu, da manomin rani da ke raba ruwa awa-awa inda babu wurin caji. Sai kuma matsalar ƙwacen waya, wadda mutanen Kano da wasu manyan garuruwa ba sa bukatar a yi musu bayaninta. Duk fito da waya a bakin titi da magariba don duba lokaci tallar ta ce ga ɓarawo. Akwai kuma majalisa: a gaban iyaye ko malami ko wajen ta'aziyya, satar kallon wuyan hannu ba ɗaya yake da zaro waya ba, ga shi wanda ya zaro waya don duba lokaci sau da yawa saƙo ne zai tsare shi.

Akwai inda agogon kansa ne matsala. Hukumar JAMB ta sa agogon hannu cikin abubuwan da ba a shiga ɗakin jarrabawa da su. Makanike da mai aikin lantarki kuwa su cire shi kafin su fara aiki, musamman mai sarƙar ƙarfe. Batirin mota bolt 12 ne kacal, amma in sarƙar ta haɗa kan batir da jikin mota, wutar da za ta bi ta cikinta tana iya mayar da ita garwashi a sakan ƙalilan ta ƙone fata zagaye. Mai injin niƙa ko markaɗe shi ma haka, bel ba ya tambaya kafin ya ja abin da ya kama.

Abin da ke cikin cikinsa

Kafin a ce agogo ya cancanci kuɗinsa ko bai cancanta ba, sai an san irin injin da ke ciki, domin abubuwa uku ne mabambanta suke amsa suna ɗaya.

Na farko shi ne na batir, wanda ake rubuta wa Quartz a fuska. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanen dutsen kwatz da aka yanka kamar cokali mai yatsu biyu. In wutar batir ta shige shi sai ya riƙa kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan. An zaɓi wannan adadi ne da gangan, domin in aka raba shi biyu sau 15 a jere sai a sami ɗaya cif, wato bugu ɗaya a sakan, wanda ke tura ɗan mota ya ciyar da tsinke gaba taki guda. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da agogon hannu irin wannan, Astron, ranar 25 ga Disamba 1969, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikin shekara goma farashin ya faɗi warwas, masana'antar agogon Suwizalan ta shiga halin ni-'yasu, ma'aikatanta suka ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Yau injin Miyota 2035 ko makamancinsa yana cikin miliyoyin agoguna masu araha, kuma in ya mutu ba a wahalar gyara shi, ciro shi ake yi a sa sabo.

Zafi yana taɓa shi. An yanka dutsen ne ya fi daidaito a wajen digiri 25, in zafi ya haura ko sanyi ya yi yawa sai ya riƙa jinkiri. A digiri 45 yakan yi asarar fiye da sakan guda a yini. A hannu wannan ba ya damuwa, domin jikin mutum yana riƙe shi a yanayi kusan guda. Barin sa a gaban mota cikin ranar bazara ne ke jawo jinkiri, ya baƙanta fuskar agogon lamba, ya gajarta ran batir.

Batir ɗin nan shi ne inda aka fi cutar mutane. Agogo mai tsinke yawanci yana cin SR626SW, wanda ake kuma kira 377, ko SR621SW, ko SR920SW. Harafin SR yana nufin batirin azurfa ne mai bolt 1.55, wanda ƙarfinsa ba ya raguwa sai dab da mutuwarsa, yana kai shekara biyu zuwa uku. Akwai tagwayensa mai girma ɗaya, LR626 ko AG4, mai araha sosai, wanda ake sayarwa a kati. Shi ƙarfinsa sauka yake yi a hankali, watanni kaɗan ya mutu, kuma ya fi saurin tsiyayar da ruwan gishirin da ke cinye ƙarfen da ke taɓa batir. Agogo da yawa da ake cewa injinsa ya ƙone, ruwan batir ne ya kashe shi. Ka karanta lambar da idonka kafin a rufe. In ka ga tsinken sakan yana tsallake biyu-biyu ko huɗu-huɗu, agogon bai lalace ba, sanar da kai yake yi batir ya kusa ƙarewa. Kuma mataccen batir ba a barin sa ya kwana watanni a ciki.

Wajen sauyawa, mai gyaran kirki yakan goge dattin bayan agogo kafin ya buɗe, don kada ya zuba ciki. Yakan ɗauki batir da hantsakin roba, domin na ƙarfe yana haɗa sama da ƙasan batir ya zuƙe shi, yatsa kuma yana barin maiƙo da gumi. Yakan ciro zoben robar da ke bakin murfi ya duba ko ya tsage ko ya bushe, ya shafa masa man silikon kaɗan, ya mayar da shi cikin raminsa ba tare da ya murɗe ba. A agogon lamba irin na Casio akwai ƙarin abu biyu: wani ɗan sifirin siriri kamar gashi da ke haɗa inji da murfi, wanda in ya faɗi ƙararrawa ta daina kuka, da kuma ɗan wurin da aka rubuta AC, wanda ake haɗawa da bayan batir na sakan biyu don injin ya farka daidai. Wanda bai san wannan ba zai ce agogo ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Tsohon batirin kuma a yar da shi inda yaro ba zai gani ba. Masu faɗin nan irin CR2016 da CR2032 in yaro ya haɗiye suka maƙale a maƙogwaro, suna iya ƙone naman wurin cikin awa biyu, asibiti ake nufa nan take.

Misalin da ya fi nuna ƙimar wannan iri shi ne Casio F-91W, wanda aka fara yi a 1989 kuma har yau ana yin sa. Nauyinsa giram 21, batirinsa CR2016 guda yana kai kimanin shekara bakwai, yana da ƙararrawa da ma'aunin gudu da fitila. In ka raba kuɗinsa a kan shekarun da zai yi, da wuya ka sami wani kayan lantarki da ya kai shi arha. Wanda aikinsa na duka da faɗuwa ne, G-Shock da injiniya Kikuo Ibe ya fito da shi a 1983 don wannan aka yi shi, an rataye injin ne a tsakiyar kwanso yadda bugu ba ya isa gare shi kai tsaye.

A ganinmu wanda ya fi dacewa da ƙasar da rana ta wadata shi ne mai cin hasken rana, irin Eco-Drive na Citizen ko Tough Solar na Casio. A ƙarƙashin fuskarsa akwai farantin sola da ke cika ɗan batir mai caji, in ya cika yakan yi wata shida a duhu, batirin kuma yakan wuce shekara goma. Amfaninsa na ɓoye shi ne ba a buɗe bayansa duk shekara biyu, don haka zoben robarsa yana daɗewa yana tare ruwa. Abu biyu ke kashe shi. Ɗaya, dogon hannun kaftani ko babbar riga da ke rufe shi kullum, sai a ajiye shi a aljihun tebur da dare, ya rasa haske har batirin ya zube ƙasa. Maganin wannan a bar shi a bakin taga na 'yan awanni sau ɗaya ko biyu a wata, inda haske yake amma zafi bai kai ya gagari taɓawa ba. Na biyu, mai gyaran da zai cire batirinsa na caji ya sa na gama-gari. Farantin zai yi ta tura masa wuta har ya kumbura ko ya fashe.

Na inji, wanda ba ya cin batir

Wannan shi ne iri na biyu, agogon kakanni. Sifirin ne doguwa a naɗe cikin ɗan gwangwani, tana warwarewa a hankali tana juya faifai masu haƙora, a ƙarshensu akwai wata ƙafa da ke lilo gaba da baya a kan sifirin siririya, ita ce ke yanka lokaci. A yawancin na yanzu tana bugawa sau 21,600 ko 28,800 a awa, wato shida ko takwas a sakan, shi ya sa tsinkensa yake tafiya sumul ba ya tsalle. Mai otomatik yana da wani ƙarfe rabin da'ira a baya da ke juyawa da motsin hannu yana naɗe sifirin. In ya cika yakan yi kimanin awa 40 a ajiye, ma'ana wanda ya cire shi daren Juma'a zai same shi a tsaye safiyar Litinin. Duwatsu 17 ko 21 da ake rubutawa a fuska yakutu ne na masana'anta da aka dasa don rage gogayya, ba su da wata daraja a kasuwar gwal.

Daidaitonsa fa? Hukumar COSC ta Suwizalan tana gwada inji kwana 15, a kwanciya biyar da yanayin zafi uku, ba ta ba shi shaida sai ya tsaya tsakanin jinkirin sakan 4 da saurin sakan 6 a yini. Wannan shi ne na manya. Mai matsakaicin kuɗi irin Seiko 5, wanda ya fito tun 1963 kuma iyayenmu suka san shi sarai, kaucewar sakan 20 a yini ba aibi ba ce a wurinsa, wato minti goma a wata. Agogon roba na ɗan makaranta ya fi shi faɗin gaskiya.

Ga kuma hidima. Man da ke kan duwatsun nan ɗigo ne da ido ba ya gani sosai, yana bushewa, don haka duk bayan shekara biyar ko makamancin haka sai an warware injin gaba ɗaya, an wanke, an sa mai iri-iri a wurare daban-daban, an daidaita. Tsoma inji cikin fetur a girgiza, a ɗiga masa man keken ɗinki, ba gyara ba ne, zai yi tafiyar wata biyu ya tsaya da ƙura a manne. Masu iya wannan aiki da gaske suna raguwa, ya kamata mai saye ya san wanda zai kai wa kafin ya biya kuɗi. In agogon inji ya fara gudu da mintoci a yini ba gaira ba dalili, yawanci maganaɗisu ne ya kama siririyar sifirin har zagayenta suka manne da juna, daga ajiye shi a kan sifika, ko kusa da waya, ko maɓallin jaka mai maganaɗisu. Akwai ɗan na'urar da ke cire wannan cikin sakan goma, ba sai an buɗe ba. Kada a sauya kwanan wata tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba, domin a lokacin haƙoran da ke juya kwanan sun riga sun kama, tilasta su yana karya su. Daka da faskare da sara da gatari duk ba da shi a hannu ba.

Duk da haka ba ma ganin wauta ce mutum ya so shi. Abu ne da aka haɗa da sassa fiye da ɗari, yana tafiya ba wuta ba caji, in ana kula da shi uba zai bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Sai dai ƙauna ce ke sa a saye shi, a kuma ɗauki nauyinsa da sanin haka. Masu cewa jari ne su yi hattara. 'Yan samfura kaɗan na Rolex da Patek Philippe da ire-irensu ne ke riƙe daraja, su ma farashinsu a kasuwar na-hannu ya kai ƙololuwa a farkon 2022 sannan ya yi ta sauka. Sauran agoguna da zarar sun bar kanti sun rage kuɗi, ga haɗarin jabu, ga wuyar samun mai saye a lokacin da kake cikin bukata.

Na uku shi ne agogon zamani mai haɗuwa da waya, wanda ya yaɗu bayan fitowar Apple Watch a 2015. Wannan reshen waya ne da aka ɗaura a hannu, kuma ya gaji babbar lalurar waya, wato caji. Apple ya yi shekaru yana alƙawarin awa 18 a caji guda. Wasu irin na Garmin suna kai mako ko fiye. Batirin lithiyam da ke ciki yana raunana cikin shekara biyu zuwa huɗu, zafi yana gaggauta hakan, an manne shi da gam yadda sauyawa ke da wuya, kuma wata rana kamfani zai daina sabunta manhajarsa. Mai saye ya lissafa shi a matsayin abin shekaru kaɗan. Na ƙwarai yana da amfani na gaske ga mai motsa jiki da mai bibiyar bugun zuciya, koren hasken da ke bayansa yana auna yadda jini ke kai-komo a ƙarƙashin fata, wasu kuma suna iya faɗakar da mutum in bugun ya rikice don ya ga likita.

Inda abin ke ba mu tsoro shi ne masu arhar da suka cika kasuwa suna da'awar auna hawan jini da sukari. A watan Fabrairu 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da wani agogo ko zobe da ke cewa yana auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, domin ba ta amince da ko ɗaya ba. Mai ciwon sukari da zai daidaita allurarsa da lambar irin wannan agogo yana wasa da ransa. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaura shi a jikin kwalba ko ka kifa shi a kan tebur ka ce ya auna. In ya ba ka bugun zuciya, ƙirƙirar lamba yake yi.

Ruwa, ƙura, gumi da turare

Yawancin agogon da ke mutuwa a hannun mutanenmu ba inji ne ke gazawa ba, kwanso ne ke barin abu ya shiga. Rubutun 30M ko 3 ATM ba ya nufin a nutse da shi mita talatin, gwajin matsin ruwa ne a tsaye a ɗakin gwaji, a sabon agogo. A aikace 30 na fantsalin ruwa ne da yayyafi, 50 yana jure wanke hannu da ɗan jiƙewa, 100 ne ake iyo da shi, 200 na masu nutso. Mai alwala sau biyar a yini yana jiƙa agogonsa fiye da sau 1,800 a shekara, ya kamata ya nemi mai 100, ko aƙalla 50. Kuma tunda wajibi ne ruwa ya taɓa fatar hannu har gwiwa, sai dai a cire shi ko a sassauta a motsa shi ruwa ya ratsa. Mutane da yawa a nan suke asarar agogo, a bakin famfon masallaci, don haka aljihu ya fi kan dakali.

Zoben roba uku ne ke tsaron ƙofa: na murfin baya, na mamurɗin da ake ja a saita lokaci, da na gilashi. Ruwan zafi da sabulu suna busar da su, shi ya sa ba a wanka da agogo ko mai 100 ne. Ba a danna maɓalli ko a ja mamurɗi yana jiƙe. Turare ma abokin gaba ne, sinadarin da ke cikinsa yana cin roba yana dusar da ruwan gwal, a fesa ya bushe kafin a ɗaura. In ka ga hazo a cikin gilashi wanda bai washe ba, ruwa ya shiga, a ranar za a kai a buɗe a cire batir a busar. Binne shi cikin shinkafa ɓata lokaci ne, tsatsa tana fara aiki cikin kwana biyu ko uku.

Gilashi iri uku ne. Na roba yana saurin karcewa amma ana goge shi ya koma sabo, kuma ba ya tarwatsewa. Na gama-gari taurinsa bai kai na yashi ba, a ma'aunin tauri yana wajen 5 zuwa 6 yashi kuwa 7, saboda haka goge ƙurar hunturu da bakin riga a bushe shi ke sa fuskar ta dushe a hankali. A hure ƙurar tukuna ko a sa ɗan ruwa. Na safaya yana 9, yashi ba ya kama shi, sai dai bugu mai ƙarfi yana fasa shi.

Juya bayan agogo ka karanta. In an rubuta Stainless Steel Back, murfin ne kaɗai ƙarfen da ba ya tsatsa, jikin kuwa gamin tutiya ne da aka yi wa fenti mai ƙyalli, gumin bazara zai huda shi cikin shekara guda ya bar ƙuraje da kore a fata. All Stainless Steel ake nema, ko kuma roba gaba ɗaya. Masu ƙaiƙayi a ƙarƙashin agogo galibi ƙarfen nikel ne jikinsu ba ya so, ko dattin da ya taru a sarƙa, wanda tsohon buroshin haƙori da ɗan ruwan sabulu ke fitarwa. Maɗaurin fata ba ya jure guminmu, na roba yakan tsage bayan 'yan shekaru, duka ana sauya su, a auna tazarar ƙafafun agogo kawai, yawanci milimita 18 ko 20 ko 22 ce. A ɗaura shi yadda ɗan yatsa zai iya shiga tsakaninsa da fata. Namiji Musulmi kuma ya tuna hukuncin sa zinariya kafin ya sayi na gwal.

Agogon salla, irin Al-Fajr da alhazai ke dawowa da shi ko na Casio mai nuna alƙibla, yana da nasa sharaɗin: lissafi yake yi, bai san inda kake ba sai ka gaya masa. Kowane digiri ɗaya na gabas ko yamma a taswirar duniya minti huɗu ne, tsakanin Maiduguri da Sakkwato kuwa kusan digiri takwas ne, fiye da rabin awa ke nan, alhali duk ƙarfe ɗaya suke bi. Wanda ya bar agogonsa a kan Legas ko Makka zai yi ta jin kiran salla ba a kan lokaci ba. Sai a zaɓi gari mafi kusa ko a shigar da lambobin wurin da hannu, a sa yankin lokaci daidai (Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban Gana da awa ɗaya, Sudan tana gabansu da awa ɗaya), a kashe saitin lokacin bazara na Turai. Hanyar lissafi ma tana da tasiri: ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, tana ɗaukar alfijir a lokacin da rana take digiri 18 ƙarƙashin sararin gabas, ta Ummul Ƙura ta Makka 18.5, ta Masar 19.5, bambancin da ke kai minti shida a sahur. La'asar a bar ta a kan lissafin inuwa ɗaya, wanda Malikiyya ke bi, in aka sa na Hanafiyya za ta yi jinkirin kusan awa. Kwanan watan Hijira kuma a gyara shi da hannu ya dace da sanarwar ganin wata, a Nijeriya ta fadar Sarkin Musulmi. Bayan an gama, a gwada shi da masallacin unguwa na kwana biyu ko uku.

A wajen saye, jabu ya fi na asali yawa a kan teburan kasuwa, kuma agogon Rolex na jabu ya fi Casio na gaske saurin mutuwa, domin kuɗin duk a ƙyalli aka kashe su. Ja mamurɗi ka juya, ka ji ko tsinkaye suna bi ba tare da sako-sako ba, ka kai su ƙarfe goma sha biyu ka ga ko na awa da na minti sun hau kan juna daidai. In akwai ƙananan da'irori a fuska, danna maɓallan ka tabbatar suna aiki, a jabu sau da yawa manna su kawai aka yi. A F-91W, danne maɓallin dama na sakan uku, na asali zai rubuta sunan kamfanin a fuska, ko da yake wasu masu jabun sun koyi wannan ma, don haka a haɗa da duba tsabtar rubutun baya da lambar injin da aka buga a murfi. In na gwanjo ne, a sa mai gyara ya buɗe a gabanka. Farin gari ko kore a wurin zaman batir alamar tsohuwar tsiyaya ce, jan tsatsa a sandar mamurɗi kuma alamar ruwa ya taɓa kwana a ciki.